Rubutun Bayan Takarda

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan ana gab da kiran sallar magariba, ranar wata Talata da babu abin da za a tuna ta da shi in ba wannan ba. Akawu yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, ya cire takalmi ɗaya ya manta da ɗayan a ƙafa. Matarsa tana kwashe shanya daga igiya. 'Yarsu Auta tana kan tabarma a tsakar gida, ta baje takardu tana lissafi, don jarrabawar gama sakandare ta kusa. Dutsen ya gangaro a hankali ya faɗi kusa da randa, babu wanda ya ɗaga kai.

"Yaran maƙwabta ne," in ji matar, tana ninke zani.

Na biyu ya faɗo, sannan na uku. Na huɗun ba a ji shi a kan kwano ba. A cikin ɗakin Auta aka ji ya faɗi, ɗakin da ƙofarsa take rufe, rufinsa ko ɗigon ruwa ba ya yi. Matar ta shiga ta ɗauko shi ta kawo wa mijinta a tafin hannu. Da ɗumi yake, kamar an daɗe ana riƙe da shi. Akawu ya duba, ya juya shi, ya ajiye a gefen kujera.

"To," ya ce.

Kada a ɗauka jarumta ce. Wata shida ke nan rabon Akawu da wani abu ya taɓa shi. Abinci yana ci ba ya jin gishiri, ana ba shi labari yana gyaɗa kai ba ya ji. Matarsa takan ce an mayar mata da miji kamar tsumman goge tebur, ya sha ruwa ya sha matsa. Shi kuwa ko dariya ba ya yi, ko musu.

Shekararsa ashirin da biyu a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. A bara gwamnati ta kawo musu abin da takardu suke kira ƙirƙirarriyar basira, amma a ofis kowa Na'ura yake ce mata. Mutanen kamfanin da suka kafa ta sun koyar da ma'aikata kwana uku, suka bar lambar waya wadda ba ta shiga, suka tafi. Aka kwashe ɗakin ajiyar littattafai, aka share, aka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, aka ba Na'ura. Aka ce cikin wata shida a ba ta littattafan rajista na shekara sittin ta karanta, ta ware masu rai daga matattu. Ana yanke shafi daga littafi, a tura shi ta wata kafa, ta haɗiye ta tofo. Gaban takarda kaɗai take gani, domin in an ce a riƙa juyawa lokacin ba zai isa ba.

Sai ga shi wasu shafukan suna maƙalewa a kafar, saboda kusurwarsu a ninke take. Akawu ne da kansa ya samo dabara. Wata Asabar ya ɗauki dutsen gugar matarsa ya tafi da shi ofis, ya wuni yana goge kusurwoyin nan har suka miƙe sumul. Shugaban sashe ya yaba masa a gaban kowa, ya ce ga ma'aikaci na zamani.

Wanda ya ninke kusurwoyin kuwa shi ne ya koya wa Akawu aiki, wani tsohon magatakarda da ake ce wa Baba Fensir, ya rasu shekara tara da suka wuce. Dokarsa ɗaya ce: abin da aka rubuta da tawada a littafin gwamnati ba a goge shi, ba a soke shi. In aka kawo labarin mutum ya mutu a tafiya aka rubuta, bayan wata uku ya dawo da ƙafarsa, ko aka haɗa sunan wa da na ƙane, sai Baba Fensir ya ninke kusurwar shafin, ya juya baya ya rubuta gaskiyar da fensir. Duk wanda ya ga ninki ya san sai ya juya. Akawu ya san wannan kamar yadda ya san hanyar gidansa. Ni dai ba zan ce ya manta ba ranar Asabar ɗin nan. Wa'adi ne a gabansa, sauri kuma ya haifi nawa.

Doka ta ce Na'ura ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai mutum ya amince. Mutumin shi ne Akawu. Suna zai fito a allo, kusa da shi a rubuta mai rai ko matacce, a ƙasa ga koren maɓalli. Ɗari bakwai a rana. Makon farko yana karanta komai. Mako na biyu suna kawai yake dubawa. Daga mako na uku maɓallin kaɗai yake gani, yatsansa yana tafiya ba da shi ba.

Da aka gama, sai mutane suka fara zuwa tagarsa. Wannan an hana shi katin asibiti, wancan an ƙi sabunta masa katin shaida, duk amsar ɗaya ce: an ce sun mutu. Akawu yakan duba allo ya ce, "Na'ura ce ta ce." Akwai wata tsohuwa mai shuɗiyar jaka da take zuwa duk Litinin. Ba ta faɗa, ba ta kuka. Sai ta zura hannu ta ƙarƙashin gilashin tagar ta ce, "Ɗana, taɓa ka ji." Bai taɓa taɓawa ba.

Tsofaffin takardun an ce a ƙone su. Akawu ya ɗebo kwali guda ya kawo gida, tunda bayansu fari ne, Auta ta riƙa gwajin lissafi a kai. Wasu ta tarar da ɗan rubutun fensir a sama, layi biyu ko uku. Ta sa abin gogewa ta goge, ta hure, ta yi lissafinta. A makon ne kuma makaranta ta ce lambarta ta ƙi shiga rajistar jarrabawa, kuma ranar Juma'ar ƙarshen wata za a rufe. Ta gaya wa babanta. Ya ce zai duba, bai duba ba.

Jifa ta ci gaba, kullum daidai lokacin da rana take faɗuwa. Ba a taɓa samun wanda dutse ya sama ba. Kwana na uku matar ta lura da wani abu da ya fi jifar tayar mata da tsikar jiki. Kalandar bango kusurwarta a ninke. Littattafan Auta, kowane shafi a ninke. Takardar magani da ke kan taga, zanen gado, har bakin tabarma, duk ta kusurwar dama ta sama, ninki ɗaya mai tsabta kamar an sa farce an danne. Ta bi ta miƙe su duka. Kafin ta idar da sallah sun koma.

Daga nan sai wani sauti ya zo. Ba murya ba ce tukuna. In gari ya yi shiru bayan magariba, sai a ji daga ɗakin Auta kamar ana buɗe littafi, shafi bayan shafi, ba gaggawa, a tsaya a lashi yatsa a ci gaba. Matar takan tsaya a bakin ƙofa da fitila a hannu. Ɗakin babu kowa sai kwalin nan a ƙarƙashin tebur.

Auta ta daina cin abinci ranar Asabar. Ta daina zuwa makaranta ranar Litinin. Takan zauna a bakin gado ta miƙe baya kamar mai jiran a kira ta, babban yatsanta yana ninke bakin mayafinta yana warwarewa. In an yi mata magana sai ta dubi bayan mai maganar. Uwar ta yi kuka har ta gaji. Akawu ya tsaya a kanta ya daɗe, yana neman tsoro a cikin ƙirjinsa, ya tarar da wurin fayau. Abin ya ba shi kunya, amma ko kunyar daga nesa ya ji ta.

Ranar Talata, mako guda cif, ya dawo daga aiki ya yi sallama. Auta ce ta amsa daga ɗaki, amma ba da muryarta ba. Muryar tsoho ce, busasshiya, mai ƙura.

"Akawu, ɗari nawa ka danna yau?"

Matar ta saki kofin da ke hannunta. Ta ja mayafi ta fita.

Malamin da ta zo da shi ba irin masu tsawa ba ne. Dattijo ne siriri mai tari, ya jingine kekensa a zaure, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da gadon. Ya sa uwar ta zauna kusa da 'yarta ta riƙe mata hannu. Ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kansa tilawa. Hasken tsakar gida yana ja da baya ta ƙofa. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, suka tsaya. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Jikin yarinyar ya soma rawa, haƙoranta suna haɗuwa.

"Ya isa, Malam," in ji muryar. "Ina ji. Ni ma ina sallah."

"To in kana sallah, me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"An kore ni. Shekara sittin ina ɗakin ajiya, tsakanin kanta ta uku da ta huɗu. Ban taɓa tsorata ko masinja ba. Karatu nake yi. Duk wanda aka haifa na san shi, duk wanda ya mutu na san shi. Sai suka kawo wata, suka ba ta ɗakina, har da sanyi suka sa mata. Ni shekara sittin ko fanka ba a ba ni ba."

Malam ya yi tari. "Kishi ne ke nan."

"Ba kishi ba ne. Ta fi ni sauri, na yarda. Abin da nake karantawa a shekara tana gamawa kafin shayi ya huce. Amma ba ta juya takarda. Ba laifinta ba ne, ba a nuna mata ba. Na biyo kwalin nan don shi ne ya rage mini. Na zo na tarar yarinyar nan tana goge bayansa. Mutum arba'in da ɗaya ta goge, Malam. Babu inda aka rubuta suna raye a duk duniya sai wurin nan."

Uwar ta ƙara damƙe hannun 'yarta. Akawu yana tsaye a jikin bango, bai motsa ba.

"Me kake so?" in ji Malam.

"Zan zauna a jikinta har sai an mayar da su duka cikin masu rai."

"Wannan zalunci ne, ka kuma sani. Aikin gwamnati ne, yana iya ɗaukar shekara. Yarinya ba ta san abin da take gogewa ba."

"Ba ta sani ba. Na'ura ma ba ta sani ba. Shugaban sashe bai sani ba, mutanen kamfani ba su sani ba." Kan Auta ya juya a hankali har idanunta suka tsaya a kan ubanta. "To a cikin maganar nan duka, wa ya sani?"

A waje wani ya wuce da babur, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace. Akawu ya buɗe baki, abin da ya saba faɗa sau ɗari a rana ya zo masa har kan harshe. Ya haɗiye shi.

"Ni," ya ce. "Ni na sani. Ni na goge ninkin da dutsen guga."

Malam bai dube shi ba. Ya ce wa muryar, "Ka ji mai laifi ya amsa. Ga abin da za a yi. Abin da ke kanka ka sauke. Ka faɗa, shi ya rubuta da hannunsa, daga nan amanar ta koma wuyansa, kai kuma ka fita ba ka dawowa. Ƙasar Allah da faɗi take."

"Da sharaɗi. Kowane ɗaya in ya rubuta, sai ya faɗa da bakinsa wa ya danna."

"Wannan tsakaninka da shi ne." Malam ya juya wajen Akawu. "Ka yarda?"

Akawu ya gyaɗa kai. Aka jawo kwalin, aka kunna fitila, aka ba shi fensirin Auta. Ya durƙusa a ƙasa ya ɗora takarda a kan gwiwa.

Muryar ta fara, tana kiran littafi da shafi da suna. Sunayen ba zan maimaita su ba, masu su suna nan da ransu. Direban da aka ce ya ƙone a mota, ashe yaronsa ne. Matar da ruwa ya tafi da ita aka tsince ta a wani gari. Tagwayen da aka rubuta mutuwar ɗaya a kan sunan ɗayan. Akawu yakan lalubo shafin, ya juya, ya rubuta a kan lissafin 'yarsa, ya ninke kusurwa, ya ce, "Ni na danna." Na farkon da ƙyar ya fito. Wajen na goma sha biyu ya gane tsohuwa mai shuɗiyar jaka, wadda aka haɗa ta da yayarta shekara talatin da suka wuce. Hannunsa ya fara ciwo, ya kuwa yi mamakin jin ciwon.

Aka kira isha'i suna kan na talatin da wani abu. Ba wanda ya tashi. Aka kai arba'in.

"Na ƙarshe," in ji muryar, ta kira littafi da shafi. "Jaririya mace. An haife ta da asuba ba ta yi kuka ba. Ma'aikaciyar jinya ta cike takarda ta tura cikin na matattu. Ana naɗe ta a zani ta yi atishawa ta fashe da kuka. Ubanta ƙaramin akawu ne a lokacin, shi ya zo da gudu yana dariya yana hawaye, ya tsaya a kan Baba Fensir har ya gama rubutawa."

Uwar ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Akawu ya zaro shafin. A gaba ga tawada, ga sunan da shi ya raɗa, ga sunansa a wurin uba. Ya juya. Lissafin Auta ne ya cika bayan, da ƙananan lambobinta masu tsabta. A sama, in an karkata takardar wajen fitila, ana iya ganin sawun fensirin tsohon, inda ya danna da ƙarfi. Sunan ya wuce ta gabansa a allo wata rana cikin ɗari bakwai, bai kuma san ranar ba.

Ya rubuta. Fensirin ya karye, ya ci gaba da guntun. Ya ninke kusurwar da farce.

"Ban ji ba," in ji muryar.

"Ni na danna."

Sai a lokacin tsoron ya zo masa, tsoron mako guda da na wata shida gaba ɗaya.

"Malam, na sauke," in ji muryar, ta yi laushi kamar ta mai jin barci. "Ka gaya masa ya riƙa juyawa." Malam ya karɓi alkawarin fita daga bakin muryar sau uku, ya koma karatu. Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Malam ya sha ruwa, ya ƙi karɓar komai, ya tura kekensa ya tafi. Tun daga ranar ba a ƙara jifa a gidan ba.

Da safe Akawu ya kai takardun arba'in da ɗaya teburin shugaban sashe, ya faɗi komai ban da maganar aljani. Shugaban ya saurara yana murza goshi.

"Ka san ba a yi mata maɓallin tayar da matattu ba," ya ce. "Sai mun rubuta wa hedikwata, hedikwata ta nemo kamfani. Kuma sai an sa sunan wanda ya amince. Ka san abin da hakan yake nufi gare ka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. A sa nawa. Sauran littattafan da ba a ƙone ba kuma, a ba ni makullin."

Ya rubuta takardar, ya sa hannu, aka buga hatimi aka tura. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a aka rufe rajistar jarrabawa babu sunan Auta. Da ya gaya mata ba ta yi kuka ba. Ta tattara littattafanta ta jera a kan tebur, ta ce Allah ya kai mu baɗi.

Hedikwata ta aiko da amsa layi biyu: duk wanda abin ya shafa ya zo da kansa, a cike masa takarda da hannu, a ajiye har a ga abin da za a yi. Ranar Litinin layi ya kai bakin titi. Tsohuwa mai shuɗiyar jaka ce a gaba. Ta zura hannu ta ƙarƙashin gilashi kamar kullum, kafin ta yi magana Akawu ya riƙe shi. Hannun da ɗumi, busasshe, mara nauyi.

"Na ji, Iya," ya ce. "Kina raye. Ni ne na danna, ki yafe mini."

Ta dube shi ta daɗe. "To rubuta," ta ce.

Wajen azahar ya ɗaga kai ya hango su, matarsa da Auta, a tsaye cikin rana a bayan wani mai sanda. Masinja ya raɗa masa ko a shigo da su ta baya. Akawu ya ce a bari. Sai da mutum goma sha tara suka wuce sannan ta iso tagar, da kayan makaranta a jikinta ko da yake ba makarantar za ta ba.

"Baba, me Na'ura ta ce?"

Bai dubi allon ba. Ya jawo farar takarda, ya cire murfin biro.

"Ba ita nake tambaya ba yau," ya ce. "Faɗa mini sunanki, Auta. A hankali, in rubuta."